Rasuwar Tuda, Sandar Fatsata

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Haddu ɗan Mimun, kafinta a garin Ain Luh, nake sanar da 'yan uwa da dukan masu fatsa na wannan kwari rasuwar sandar fatsata, wadda kowa ya sani da suna Tuda. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi, ƙasa da tsohuwar gada, ranar da aka buɗe kamun kifin turut na bana. Ta karye gida biyu.

Marigayiya 'yar gora ce. Da hannuna na tsaga ta, na fere, na haɗa, tun ina saurayi, ba wanda ya koya mini. Ta yi rayuwa mai tsabta. Ba ta taɓa ɗaukar tana ba, sai ƙudan ƙarya na gashin tsuntsu da nake ɗaurawa a ƙugiya. Ba ta taɓa kamu a lokacin hani ba, ƙaramin kifi kuma mayar da shi take yi ruwa. Maganarta biyu ce duk tsawon ranta: "fiuu" idan zare ya ratsa iska, da "ƙirrr" idan babban kifi ya ja. Na san maza masu gemu a garin nan da ba su kai ta kame baki ba.

Ga yadda ajali ya zo. An kwana biyu ana sheƙa ruwa a kan duwatsu, ƙanƙara ta narke ta biyo baya, kogi ya cika ya yi jawur kamar kwaɓin gini. Duk mai hankali ya san a irin wannan ruwa turut ba ya zama a tsakiya. Yakan raɓe a gindin gaɓa inda ruwa ya lafa, kuma ba abin da yake gani sai babban ƙuda baƙi. Daga tudu ake jefa masa. Ba a tsoma ko yatsan ƙafa.

Tare muka fita da Bassu, mijin ƙanwata Itto. Shekara da shekaru da tana yake kamu, ina yi masa wa'azi yana yi mini dariya. Cewa yake, "Kai Haddu, kifi abinci yake nema, kai kana miƙa masa tsintsiya." Ni kuma in ce wanda ya saba tonon juji ba zai gane ba. A ranar ce karon farko ya miƙo hannu.

"To ba ni ɗaya daga cikin tsintsiyoyin naka, liman, in gani ko kifin ma ya tuba."

Na ba shi mafi kyau, wanda na ɗaura da gashin baƙin zakaran gidansa. A jifansa na uku ƙudan ya maƙale a wani reshe da ambaliya ta kawo, 'yar tazara daga gaɓa. Na ce masa ya tsinke zaren.

"In tsinke? Ka yi ta goranta mini har in shiga kabari? Na san ka."

Ya naɗe wando ya shiga. Gaskiya ne na sha faɗa a gidan shayi cewa mai barin ƙuda a reshe sakarai ne. Ban taɓa cewa a ranar ambaliya ba. Duk wanda ya ce na faɗa, ya zo ya same ni.

Ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa, ruwa ya kwashe shi. Na bi gaɓa da gudu, ba igiya, ba kowa kusa, sai Tuda a hannuna. Na miƙa masa ita ya cafke. Sandar da aka yi domin kifi mai nauyin burodi, ita ta ɗauki ƙato mai cin kuskus kwano biyu, ga kogi yana ja. Ta lanƙwasa har na ji ta a haƙorana. Ba ta saki ba sai da gwiwarsa ta taɓa tsakuwa. Sannan ta yi magana ta uku, wadda ban taɓa jin ta yi ba: "ƙas."

Ta rasu ta bar faifan naɗe zare da yashi ya cika masa ciki, da akwatin ƙudaje marayu, da takalman roba, da ni. Ta kuma bar Bassu a gadon asibiti a Azru, ruwan laka a huhunsa, zazzaɓi ya ƙi sauka, bai san wanda ke kansa ba. Rabin sandar na sama yana hannunsa har yanzu. Masu jinya sun yi ƙoƙarin buɗe yatsunsa sun gaji sun ƙyale shi. Jiya Itto ta dube ni a bakin ɗakin ta ce, "Yaya, gashin zakara fa. A kan gashin zakaran da ke yawo a tsakar gidana."

Masu lura za su ga ban buɗe wannan sanarwa da kalmar da ake buɗe sanarwar mutuwa da ita ba. Ba mantuwa ba ce. Sanda ba rai gare ta ba, kuma ba a wasa da wannan kalma. Na ajiye ta, ina roƙon Allah kada in buƙace ta a wannan mako.

Za a binne marigayiya a gindin itacen tuffa da ke bayan shagona. An riga an haƙa ramin. Za a yi shayi da kuskus. Waɗanda za su zo mini da labarin cewa sun ga abin zai faru, su yi zamansu a gida. Wanda yake da addu'a ya kai ta Azru, can ake bukatarta.

Rana kuwa ban sa ba. Ba na binne rabin gawa, kuma ba zan karɓi ɗaya rabin daga hannun ɗan aike ba. Wanda ya riƙe shi, shi zai kawo shi da ƙafarsa, ya tsaya a bakin ramin ya kira ta tsintsiya ita ma in ya ga dama. Har zuwa ranar, ramin yana nan a buɗe.