Yatsana a Kwalbar Zumar Asibiti

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba. Lokacin ana ta kwaso ma'aikata daga Legas zuwa Abuja, ni kuma watana biyu kacal da fara aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Abujan.

An kwantar mana da wani dattijo manomi daga Paikon Kore, Baba Ɗanladi, mai ciwon suga. Fartanya ce ta sare shi a ƙafa, ciwon ya zama gyambo har ya fara wari. An yi allurai an gaji. Likitarmu ta ce saura dabara ɗaya: a riƙa wanke ciwon ana sa masa zuma, ko Allah zai sa sabon nama ya tsiro. In mako ya cika babu sauyi, sai dai a yanke ƙafar. Kuma ba zumar kan hanya ba. Kwalba ɗaya tak aka tace, ta kwana uku a ɗakin gwaji kafin a tabbatar babu ƙwayar cuta a ciki.

(To ni fa 'yar mai zuma ce. Babana Bazazzagi ne, a rumfarsa na girma. A wurinmu ba a buɗe zuma sai an dangwala an ji ko an yi mata haɗin sukari.)

Aka warware bandeji. Baba ya damƙe ƙarfen gado yana salati. Likita ta miƙo hannu ta ce, "Sista, buɗe kwalbar."

Na buɗe. Wallahi ban san sa'ad da yatsana ya shiga kwalbar ba, ko safar hannu ban sa ba. Sai jin bakina na yi yana cewa, "Kai! Wannan tsantsa ce, babu haɗi."

Yatsa yana bakina.

"Sista," in ji likita, "hannu kika sa?"

Baba ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "'Yata, in ta yi miki daɗi, ki rage wa ƙafata."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kwalba ta tashi aiki, sai an sake jiran kwana uku cikin bakwai ɗin da suka rage masa. Kullum ni ce ta farkon zuwa. In buɗe ƙafar, in tarar baƙin da ƙaramin yatsan ƙafar ya fara yi ya ƙaru. Abinci ma gagarata ya yi.

Zuma ta biyu ta zo, Allah ya taimaka nama ya fara cikowa. Ƙafa ta tsira, amma ƙaramin yatsan sai da aka cire. Likita ta ce da ma zai tafi. Har yau ban gama yarda ba.

Ranar da aka sallame shi, Baba ya ɗingiso har inda nake, yana murmushi. "Na yafe miki, 'yata," ya ce. "Amma ki riƙa karyawa kafin ki fito aiki."

Tun daga ranar na gane ba kowace tarbiyyar gida ake shiga asibiti da ita ba. Yanzu ko a rumfar babana aka buɗe zuma, hannuwana a baya nake ɓoye su.