Ranar da Kogin Chalawa Ya Tafi da Rigar Yaya

Ni fa a kududdufin bayan gidanmu na Shahuci na koyi iyo, kuma har na ajiye iyali ban taɓa shiga ruwa mai gudu ba. Duk da haka, wata kashegarin Sallah, tun Turawa ba su tafi ba, da muka hau kekuna zuwa bakin kogin Chalawa shan iska, tun daga Ƙofar Nassarawa nake cika baki cewa ruwa ai ruwa ne.

Rigar kore ta yayana na ara. Na tuɓe ta har da wando, na zuba a masaki, na ɗora bisa ruwa kusa da ni, yadda muke yi a kududdufi don gudun ɓarayi.

Maƙwabcina Malam Habu tela ya ce, "Malam, a bar kayan a tudu mana."

Na ce, "Ni da ruwa mun san juna."

Na yi nutso. Ko da na ɗago, masaki ya kama hanyar Wudil. Na bi shi, ruwa ya ja ni, sai da wani masunci ya miƙo mini gora.

A tabarmar da muka ci abinci a kai aka naɗe ni, Malam Habu ya goyo ni a keke. Muka shigo unguwa daidai ana fitowa daga sallar La'asar. Yaya bai yi faɗa ba, amma har ya rasu ko hula bai sake ara mini ba.

Yau ga ni da jikoki, amma ko buta na ɗauka zan yi alwala, sai wani daga dakali ya ce, "Sarkin Ruwa, a ɗaure wando da kyau."