Gidauniyar Ranar Alhamis

Ni na kafe a ƙungiyarmu ta taimakon matasa a Gumel cewa ranar Alhamis za a yi gidauniyar saya musu kekunan ɗinki.

Shugaba ya ce, "Sakatare, Alhamis fa kasuwar Maigatari ke ci."

Na ce, "Alhaji, takardar gayyatata ta fi ƙarfin kasuwa."

Na sha babbar riga, na jera kujerun haya. Har la'asar ni kaɗai ne a rumfa, ina sallama a lasifika ina amsa wa kaina. Attajirai suna Maigatari, matasan ma suna can, har da Shugaba. Wani tsoho ya leƙo ya ce, "Malam, wa ya rasu?"

Har yau ko ranar ɗaurin aure za a tsayar, sai wani ya ce, "A tambayi Sakatare, ko Alhamis ta yi."