Abin da Aku Ya Koya a Gidan Farfesa

Duk wanda bai ji Farfesa yana bayanin ƙwaƙwalwar tsuntsu ba, an bar shi a baya. Ɗalibansa na kiransa Uban Tsuntsaye, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kanari, yana shelar cewa ɗan tsuntsu daga bakin ubansa yake koyon waƙa, cikin wani ɗan lokaci da idan ya wuce ba ya dawowa. Wannan ilimi, matarsa ta sha shi da shayin safe shekara da shekaru.

Ranar ƙarshe da gidan yake gida, da safe 'yarsu Auta ta kawo masa hoton akunta da ta zana. Ya ce, "Anjima." Da rana ta sake leƙa ɗakin karatunsa.

"Maman Auta, janye ta. Duniya na jiran wannan takarda."

Da yamma zazzaɓi ya rufe Auta, shi kuma ya hau jirgi zuwa taro kan yadda iyayen tsuntsaye ke kula da 'ya'yansu. An ce ya sha tafi. Ya dawo ya tarar da masu ta'aziyya.

Ko a zaman makoki bai yi wa jama'a rowar ilimi ba. "Baƙin ciki," in ji shi, "aikin jijiyoyi ne kawai."

Shi ya raba kayan Auta, cikin tsari: kayan makaranta ga 'yar ƙanwarsa, keke ga maƙwabta. Da ya kai ga kejin aku, sai matar ta tare shi.

"Ka bar min wannan. Muryarta na bakinsa."

"Muryarta? Tsuntsu daga uban gida yake koyo. Wannan kayan bincike ne, ɗakin gwaji zai tafi."

Ya gayyato abokan aikinsa falo su shaida. Ya gyara tabarau, ya tsaya gaban keji, ya yi gyaran murya. "Ce Farfesa."

Aku ya karkata kai. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar yarinya: "Yi shiru. Baba yana aiki. Ya ce anjima."

Baƙi suka zuba wa takalmansu ido. Farfesa ya sanar da su cewa tsuntsun ba shi da wani amfani ga kimiyya.

Haka matar ta samu rabonta. Ta rataye kejin daidai ƙofar ɗakin karatu. Tun daga ranar, a mota Farfesa yake rubutu.