Jan Dankali a Gonar Makaranta

Ko da zan manta da komai na zaman sakandare, ba zan taɓa mantawa da ranar tonon dankali a gonar makarantarmu ba. Har yau in na bi ta gefen mai suyar dankali ƙamshin ya buge ni, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in ƙara sauri ina kallon wani wajen.

A Rano na yi sakandare, makarantar jeka-ka-dawo ta maza zalla. Tun daga aji ɗaya ni ke zuwa na ɗaya, har na fara ganin abin kamar gadon gidanmu ne. Muna shiga aji huɗu aka kawo mana Sambo, wani dogon Bafulatani daga wata ruga ta wajen Zinyau, da kekensa mai ƙara kamar injin markaɗe, da wandon makaranta da bai kai masa idon sawu ba. Ni ne ma na nuna masa wurin zama ranar da ya zo, ina ta jin kaina babban yaya. Zangon farko ya ture ni zuwa na biyu. Na ce sa'a ce. Zango na biyu ya maimaita, na ce malamai ne suke tausayinsa. Da ya sake a na uku sai na rasa abin cewa, na koma cin rai.

Abin haushin, yaron ba shi da wani aibu da zan kama. Da mai fankama ne da na samu abin faɗa. Ina! Shiru-shiru, ga gaisuwa, ga kyauta. Wani lokaci har kindirmo yake ɗauro mana a bayan keke, a zuba a kofi ana zagayawa (ni ma nakan sha, kuma wallahi da daɗi, wanda hakan ma ƙara ɓata mini rai yake yi). A gida kuwa ba na shan iska. Duk ranar da na kai sakamako, Baba zai duba ya ce, "Yaron da ke tako keke tun daga ruga ya fi ka, kai da makaranta take bayan katangarku? To, madalla." Wannan madallar ta fi bulala ciwo.

Kafin a tafi dogon hutu, malamin Agirik ɗinmu, Malam Isiya, ya raba mana gonar makaranta fegi-fegi, kowa ya yi kunyoyinsa ya dasa dankali. Irin ma shi ya kawo, fari, daga gonar surukinsa. Sannan ya sanar cewa da kaka za a tone, a ɗora a sikeli, wanda nasa ya fi nauyi shi ne zai zama shugaban ƙungiyar matasan manoma, a ɗora masa koriyar hula a gaban asambuli.

Gaskiya ɗaya ce, ni ban damu da noma ba. Ɗan mai shagon atamfa ne ni, ko riƙon fartanya ban iya ba sai hannuna ya yi bororo. Hular ma ba wata ta a zo a gani ba ce, ta koɗe, ta sha kawuna. Amma da na hango ta a kan Sambo, yana tsaye a asambuli ana tafa masa, sai na ji duk duniya babu abin da nake so kamar wannan tsumman. Na ɗayan aji ya karɓe, hular ma ya haɗa? Na ce a raina, sai dai in ba na numfashi.

A tsakiyar gonar akwai wani tsohon suri. Fegina yana hannun dama da shi, na Sambo yana hagu. Da haka na riƙe, tunda ba a kafa sunan kowa ba. Na cuccusa ganyen a ƙasa na karkaɗe hannu, kuma tun daga ranar ban sake leƙa wurin ba. Da aka dawo hutu, duk lokacin da aka buga ƙararrawar zuwa gona sai in fake da cewa an ba ni gyaran laburare.

Kaka ta shigo. Wanda ya yi makaranta a wajenmu ya san yadda zangon nan yake. Rabin aji ba sa zuwa ranar Litinin saboda roron wake, waɗanda suka zo kuma aljihunsu cike da dafaffiyar gyaɗa, ana darasi ana jin ƙas-ƙas daga bayan aji. Bawon rake ko'ina, firifet suna ta bin yara da tsintsiya. A cikin wannan hidimar labari ya fara zuwa mini: "Kai, ka ga fegin Sambo kuwa? Dankalin har ya tsattsaga ƙasa." Ashe duk hutun nan yana tahowa a keke da buhun kashin shanu, ya zuba, ya yi ciro, ya koma. Kowa ya buɗe baki sai Sambo, Sambo. Na kwana biyu tuwo ba ya yi mini daɗi.

Sai dabara ta zo mini (a lokacin dai dabara na ɗauke ta). Tunda nauyi za a auna, me zai hana in taimaka wa ƙasa? A kasuwar Rano kowa ya san ni, don haka na tattara kuɗin tarana na hau mota zuwa Kibiya ranar kasuwa. Na zagaya layin masu dankali kamar wani dillali, har na tsaya a gaban wani dattijo da ya kasa manya-manya, jajaye, suna sheƙi.

"Na suya kake so ko na dafuwa, samari?"

"Baba, manyan kawai nake so."

Ya dube ni, ya ɗauko wani ƙato mai kama da tulu, ya ɗan ɓantare gefensa da farce ya nuna mini cikin. "Ka ga wannan? Ko gidan biki ka kai shi ba ka ji kunya ba." Na cika rabin buhu. Ko sau ɗaya tunanin fari da ja bai gilma mini ba. A wajena dankali dankali ne.

Ana gobe tono, ranar Lahadi da la'asar, na saɓi buhun da fartanyar gidanmu na zagaya ta bayan makaranta, inda damina ta rushe katanga. Na shiga na hango suri, na yi hannun dama abina. Fegin da na tarar ya ba ni mamaki, ganye ya yi luf-luf, ko ciyawa ɗaya babu. Na fara tono gefen kunya sai na ji fartanya tana taɓa wasu dankalin a ƙasa, manya kuwa. Na tsaya na riƙe ƙugu, na ce, "Ikon Allah! Ashe ni ma ina da hannun noma ban sani ba." Har na leƙa ɗaya ɓangaren surin na ga wani fegi da ciyawa ta cinye, na yi tsaki na ce, wai wannan ne ake ta zuzutawa? Na binne kayana tsaf, na mai da ƙasa, na ja ganye na rufe. Na koma gida ina fito.

Washegari bayan tara aka jera mu, aka shiga gonar ta ƙofar gaba kamar yadda aka shiga ranar dashe. Malam Isiya da sikelinsa, Firinsifal da babbar rigarsa, har da wasu malamai da suka zo kallo. "Kowa ya tsaya a feginsa," in ji Malam. Na nufi suri, na yi dama. Ciyawa har gwiwa.

Na tsaya. Na dubi suri, na dubi ƙofa, na hango katangar da ta rushe can baya. A nan lissafin ya zo mini, ni gwanin lissafi: wanda ya shigo ta baya, damansa ita ce hagun wanda ya shigo ta gaba. Can ɗaya ɓangaren kuwa ga Sambo ya naɗe hannun riga, yana tofa yawu a tafi.

Nawa aka fara tonawa. Abin da ya fito ba ya faɗuwa, wasu 'yan siraran abubuwa kamar yatsun yara. Malam Isiya ya ɗora a sikeli, allurar ko motsi ba ta yi ba, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ko ta maƙale ne. Aka yi dariya kaɗan aka wuce. Wannan duk mai sauƙi ne, da a nan abin ya tsaya da yanzu ba ni da labari.

Aka zo kan Sambo. Saran farko fari ya fito, na biyu fari. A na uku sai ga ja ya gangaro, ba jijiya, ba saiwa, tas da shi. Sambo ya dakata, ya ɗauka yana jujjuyawa. Wani ya sake fitowa, wani ya biyo. Sai ga ƙaton nan nawa mai kama da tulu, da shaidar farcen dattijon nan a gefensa. Yara suka ɗauki ihu. Firinsifal (mutumin birni ne, saninsa da gona bai fi nawa ba) ya tattare riga ya tsallako, ya ɗaga shi sama da hannu biyu.

"Masha Allah! Ku duba nan! Wannan yaro ko dutse ya dasa sai ya yi 'ya'ya. Malam, ɗauke mu hoto."

Sambo ya ce, "Yallaɓai, ai wannan..."

"Yi shiru, ɗana, kunya ba ta yi a nan ba. Matso kusa."

Aka miƙa wa wani malami waya. Firinsifal ya dafa kafaɗar Sambo, ya ɗora masa dankalin a hannu. Dankalina. Wanda na yi yunwar tara saboda shi, na sha matsi a mota, na saɓo a kafaɗa har ta yi ja. Ga shi a hannun Sambo, ana cewa ya yi murmushi. Na rantse ban yanke shawarar yin magana ba, ji kawai na yi murya tana tashi, kuma tawa ce.

"Yallaɓai, wallahi nawa ne! Ni na sayo shi a Kibiya!"

Gonar ta yi tsit. Har kukan wata akuya ana ji daga cikin gari.

Malam Isiya ya ajiye sikeli a hankali. "Sayowa ka yi?"

"E... a'a... wato, Malam..."

"Ka sayo a Kibiya. To me ya kawo shi fegin Sambo? Tafiya yake yi?"

"Ta baya na shigo," na ce, a zatona bayani nake yi.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya faɗi cikin kunyoyi yana riƙe da ciki, wani malamin Hausa da ba a taɓa ganin haƙoransa ba ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Firinsifal ya dubi dankalin, ya dube ni, ya ce wa mai wayar, "Goge hoton nan." Ni kuwa ina tsaye cikin ciyawata, ina roƙon Allah surin nan ya buɗe in shige.

Aka sa ni na tsince jajayen ɗaya bayan ɗaya na ware gefe, aji yana ƙirga mini da waƙa. Aka auna fararen kaɗai, Sambo ya yi wa kowa fintinkau. Hukuncina kuwa, in nome ciyawar gonar gaba ɗaya, sannan in kira Baba. Kafin a tashi sunana ya koma Na-Kibiya, kuma akwai waɗanda har yau ba su san ina da wani suna ba.

Amma abin da ya fi ƙona ni sai da yamma ya zo. Ina duƙe ina fama da ciyawa, Malam Isiya ya zo ya tsaya a kaina, ya harɗe hannu a baya.

"Ka san wani abu? Tun da na ga ja ya fito na san binnewa aka yi, don fari na raba. Kuma a fegin wa aka samu? Na Sambo. Jira nake Firinsifal ya gama hotonsa in cire yaron daga gasar, in kai shi ofis. Ko ya rantse da me ba zan yarda ba. Da ka yi shiru minti ɗaya, da yau shi ne a duƙe a nan." Ya gyaɗa kai. "Allah ya yi maka albarka, ka ceci ɗan'uwanka."

Ya tafi ya bar ni da fartanya a hannu. Zan so in ce daɗi na ji da na wanke marar laifi. Ƙarya ne. Zama na yi a ƙasa ina cizon yatsa, ina cewa minti ɗaya, minti ɗaya tak!

Ranar Juma'a aka ɗora wa Sambo hula a asambuli, ni ma na tafa, tunda ana kallona. Da aka watse ya turo kekensa har inda nake, ya miƙo mini hannu da fuskar nan tasa da ba ka gane wasa yake ko gaske.

"Na gode, abokina. Amma baɗi in za ka sake taya ni aiki, ka zo lokacin ciro, a nan na fi buƙatar hannu."

Na karɓi hannun, me zan yi? Tun daga ranar, duk sanda na ji ƙyashin wani ya fara taso mini, nakan kama bakina da hannu biyu in nemi wuri in zauna. Na riga na gwada, na san ni in na tashi yi wa mutum baƙin ciki, da kuɗina da ƙarfina nake yi masa aiki, har in tsaya masa shaida.