Ƙaton da Na Kama a Gidana

Wata biyar na yi a gonar shinkafata a Kirikasamma ban leƙo Haɗeja ba. Ranar da na dawo, ina shiga zaure na ji wata murya mai kauri a tsakar gidana tana cewa, "A ƙaro min miya."

Gidana kuwa namiji ba ya wuce zaure. Da yake ni ba mai garaje ba ne, sai na fita na kira liman da maƙwabcina su zama shaida, na ɗauki gora. Na ce musu, "Shekara ashirin ina zaune da Hajara, yau Allah ya tona asiri."

Muka faɗa ciki. Ɗana Sabi'u ne a gaban kwano, ɗan shekara goma sha huɗu, wanda na bari da 'yar siririyar murya.

Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Balaga ce, Malam."

Hajara ta dubi gorar, ta dubi shaidun, ta ɗauki mayafinta ta tafi gidansu. Sati uku ina biko.

Har yau in Sabi'u ya yi sallama, sai ta ɗaga murya: "Malam, ɗauko gorarka, ƙaton ya shigo."