Mai Tumbi a Shafin Tsakiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗora mini sharhin littafi a Daura ba. Abokina Nura ne ya rubuta ɗan littafin yara mai zane-zane. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, kaina cike da karatun da na rasa inda zan sauke.

A lokacin ina neman auren Hadiza, 'yar wani Alhaji a Sandamu. Na sha zuwa gaishe shi, amma kunyar suruki ba ta taɓa barina na ɗaga kai ba. In aka ce in kwatanta shi, iyakata takalminsa: fari, sau-ciki.

Na iso taron ƙaddamar da littafin a makare, an riga an gabatar da manyan baƙi. Ana miƙo mini lasifika na buɗe shafin tsakiya, inda aka zana injin niƙa, mata sun yi layi da ƙorai, ga wani mai tumbi a gefe yana murmushi.

"Jama'a, ku dubi hayaƙin nan!" na ce. "Mai zane kuka yake yi. Inji ya kashe turmi, ya raba mata da sana'ar daka. Wannan mai tumbin kuwa shi ne ɗan jari-hujja. Ku dubi cikinsa, gumin talaka ne a ciki!" (Har da dukan tebur, Allah Ya yafe mini.)

Zauren ya yi tsit. Nura yana ta jan rigata, ni kuwa na ɗauka hikimata ce ta ratsa mutane.

Sai wani dattijo ya miƙe daga sahun gaba, ya gyara babbar riga.

"Malam, injina ne. Ni na ɗauki nauyin buga littafin, shi ya sa aka zana ni. Tumbin kuwa gado ne."

Na sunkuyar da kai don kunya, idona ya sauka kan ƙafarsa. Fari, sau-ciki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai da kawunnaina suka yi ta sintiri zuwa Sandamu kafin ya haƙura ya ba ni Hadiza. Har yau in na je gaisuwa aka kawo tuwo, sai ya turo mini kwano ya ce, "Bismillah, Malam. Gumin talaka ne."

Kunya ado ce, ban musa ba. Amma ɗan'uwa, ka saci kallon fuskar surukinka ko sau ɗaya.